Kwaɓaɓɓen kankaren mota: ya ci kuɗinsa a dekin, amma da sharaɗi

Motocin nan masu ƙaton tulu da ke juyawa a bayansu sun daina zama abin kallo a Abuja, kuma ana ƙara ganinsu a Kano da Kaduna, ba a wajen gadoji da manyan kwangilolin gwamnati kaɗai ba, har a unguwanni inda mutum ke ɗora bene ɗaya a kan gidansa. Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne: ga dekin, da fila, da bim, da fandishon bene, kankaren da aka auna a masana'anta aka kawo a mota ya fi wanda lebura ke kwaɓawa da shebur nesa ba kusa ba. Amma kamfanin yana sayar maka da abu ɗaya ne kawai, wato haɗi mai kyau zuwa bakin ƙofarka. Daga nan sauran aikin naka ne, kuma a nan yawancin kuɗin mutane ke zubewa.

A fara da abin da ake saya. Kankare siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke haifar da ƙulli a tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, kuma wannan ƙulli yana ci gaba da kamawa har makonni. Yana da juriyar danniya sosai, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake binne rodi a cikinsa: kankare ya ɗauki danniya, rodi ya ɗauki ja. Kubik ɗaya, wato akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, yana da nauyin kilo 2,400 ko kusa da haka. A riƙe wannan adadi, zai yi amfani a gaba.

Kamfanin zai tambaye ka wace daraja kake so, wato matakin ƙarfin kankaren da ake rubutawa da harafin C da lamba, kuma bai kamata amsar ta fito daga bakin birkila ko daga aljihunka ba, tana rubuce a zanen injiniya. C15 ana shimfiɗa shi a ƙasan ramin fandisho don rodi ya samu wuri mai tsabta ya zauna. C20 ya isa jaman fulo, wato daɓen kankare na ƙasan gida, da linta da ƙananan ayyuka. C25 shi ne abin da aka fi rubutawa ga dekin da fila da bim na gidan zama. C30 zuwa sama na manyan benaye ne da gadoji da tankunan ruwa. Lambar tana nufin danniyar da kankaren zai jure bayan kwana 28. Idan aka zuba C25 a ƙaramin akwati mai santimita 15 ta kowace fuska, aka jiƙa shi a ruwa kwana 28, aka sa shi a injin matsa, bai kamata ya fashe ba sai nauyin ya kai wajen tan 57. Wani lokaci za ka ga an rubuta lamba biyu, kamar C25/30. Ta farkon ta gwajin da ake yi da dogon gwangwani ce, ta biyun ta akwatin murabba'i, wanda shi aka saba amfani da shi a Nijeriya. C25/30 ya fi abin da yawancin mutane ke kira giredi 25 ƙarfi, kuma ya fi shi tsada. A tabbatar kai da kamfani kuna magana a kan lamba ɗaya kafin a tura kuɗi.

Akwai ruɗanin da ya zama ruwan dare, har a bakin masu sayar da siminti: ɗaukar lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, a matsayin ƙarfin kankare. Wannan lamba ta simintin ce shi kaɗai, a gwajin da masana'anta ke yi da yashi na musamman. Ana iya ɗaukar 42.5 a tsinka shi da ruwa a fitar da kankaren da bai kai C15 ba. Harafin R da ke biye da lambar yana nufin simintin na saurin kamawa a kwanakin farko, N kuma na tafiya a hankali. Kamfanonin kwaɓa kankare suna karɓar siminti a tanka kai tsaye daga masana'antu irin na Obajana a Kogi, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, su zuba a rumbun ƙarfe. Wannan ma riba ce, domin buhun da ya kwana uku a hanya ya yi wata biyu a shago a kan daɓe mai sanyi ya riga ya sha danshi. Duk buhun da ka tarar da dunƙule a ciki wanda yatsa ba ya murƙushewa, ba na dekin ba ne.

Babban abin da ya sa muke yaba wannan hidima shi ne awo. A wurin gini, haɗin da aka saba kira ɗaya-biyu-huɗu yana nufin buhu ɗaya na kilo 50, wanda ke cika kwanon lebura biyu, sai yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, ruwa kuma kada ya wuce jarka ɗaya ta lita 25. A takarda ke nan. A fili kuwa, ana auna yashi da baro, baro kuma wani a tsefe wani a toro. Da safe ana ƙirgawa, da azahar an gaji an daina. Yashi mai ɗanshi yana kumbura, har ya kan ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, saboda haka kwanon da ya cika da safe bayan an yi ruwa da dare ba daidai yake da na busasshen yashi ba. Ruwa kuwa babu mai auna shi ko kaɗan, tiyo ake saki har sai shebur ya daina wahala. A masana'anta komai da sikeli ake auna shi, kwamfuta ke buɗe ƙofar kowane rumbu ta rufe, kuma kamfanin kirki yana duba danshin da ke cikin yashi ya rage shi daga ruwan da zai zuba. Motar farko da ta ƙarshe abu ɗaya suke ɗauke da shi. Babu gungun leburori, komai gaskiyarsu, da zai iya ba ka wannan tabbaci.

Na biyu shi ne lokaci. Ɗauki dekin mai tsawon mita 12, faɗin mita 10, kaurin santimita 15. Kubik 18 ke nan, ban da bim. Da hannu zai ci buhu kusan 115 zuwa 120, kuma sai an hau da kwano sama da dubu a ka, a kan tsanin katako, daga asuba har duhu. Kafin a kai ƙarshen wata kusurwa, inda aka fara ya riga ya kama, sai a zo ana haɗa sabo da tsoho. Wannan gaɓa ita ce layin da ke yoyo da damina ta farko. Da mota uku da famfon tura kankare, a cikin awa biyu zuwa uku an gama, dekin ya zama jiki ɗaya.

Kafin ranar zubi, mutumin kamfani ya kamata ya zo ya ga wurin da idonsa. Kamfanin da ya karɓi kuɗi ta waya bai aiko kowa ba, ya riga ya nuna maka irin aikinsa. Mota mai kubik 8 idan ta cika tana kai wajen tan 30. Ba ta shiga lungu, ba ta son kwana mai tsanani, kuma idan ta taka murfin sokawe ko ƙasar da aka cike kwanan nan za ta nutse. A cikin tsohon birnin Kano ko na Zariya akwai wuraren da babu yadda za a yi ta kusanta, sai dai a tsaya a bakin titi a shimfiɗa bututu, shi ma yana da iyaka. Famfo mai dogon hannu yana buƙatar fili ya baje ƙafafunsa huɗu a kan ƙasa mai tauri, kuma a ɗaga kai a dubi wayoyin lantarki. Wannan ba abin wasa ba ne, hannun ƙarfe ne kuma mutum ke riƙe da bakin tiyon.

Sai katako. Kafintocin da suka saba da zubin kwano suna kafa turaku gwargwadon nauyin da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Dekin mai santimita 15 yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, katakon ya ɗauka. Amma idan mai riƙe da tiyo ya tsaya wuri guda kankare ya taru ya kai rabin mita, nauyin ya zama kilo 1,200 a wannan ɗan wuri, ga kuma bugun famfo. A nan gora ke karyewa. A matse tazarar turaku, a ɗaure su da juna ta gicciye, kowanne ya zauna a kan katako mai faɗi ba a kan bulo ko ƙasa mai laushi ba, kuma a ajiye kafinta ɗaya a ƙarƙashi yana zagayawa da guduma har a gama. Akwatin fila ma haka. Kankaren famfo yana cika shi da sauri, ƙasan akwatin ke shan matsin, idan ba a ɗaure da kyau ba zai buɗe ciki.

A duba biskit ɗin da ke ƙarƙashin rodi tun da yamma. Waɗannan ƙananan dunƙulen siminti su ke ɗage rodi daga katako don kankare ya lulluɓe shi: santimita 2 zuwa 2 da rabi a dekin, 2 da rabi zuwa 4 a bim da fila, 5 ko fiye a fandisho. Da yawa ana sa guntun tsakuwa ko ɓallin bulo a madadinsu, su kuma zame da zarar an taka. Rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili a silin, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ɓalle kankaren. Rodin sama da ke kan bim da na baranda mai fitowa waje shi ma a tsare shi da kujerun ƙarfe, a shimfiɗa katakon takawa. Baranda ƙarfinta a rodin sama yake, idan aka tattake shi ya sauka ƙasa an kashe ta tun kafin a zuba komai.

Mota ta iso. Abu na farko takarda. Ta nuna daraja, da yawan kubik, da girman tsakuwa, wanda ga dekin milimita 20 ne, da laushin da aka yi alkawari, da kuma lokacin da aka zuba ruwa a masana'anta. Wannan lokaci shi ne mafi muhimmanci a takardar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a sauke kankare cikin minti 90 da haɗa shi, sai dai in an sa maganin jinkirta kamawa. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, minti 90 ɗin ma ya yi yawa. Saboda haka a nemi kamfanin da ke kusa, ko da ya ɗan fi tsada, a fara zubi bayan sallar asuba ko kuma da dare da fitila, kuma a guji tsakar ranar Juma'a da hanyoyi ke toshewa. Da azumi zubin dare ya fi wa kowa, kankaren da ma'aikatan baki ɗaya.

Abu na biyu gwajin silam, wato na auna laushin kankare, kafin ɗigo ɗaya ya shiga famfo. Mazurari ne na ƙarfe mai tsayin santimita 30, gindinsa 20, bakinsa 10. A ɗora shi a kan faranti mai laushi, a take kunnuwansa da ƙafa, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe mai milimita 16, a share bakin, a ɗaga shi tsaye a hankali. Kankaren zai zauna. A kifa mazurarin a gefensa, a gitta sandar a kai, a auna nisan da ya sauka. Ga zubin famfo ana son santimita 10 zuwa 15. Idan ya baje gaba ɗaya, ruwan siminti ya gudu gefe ya bar tsakuwa a tsakiya, an cika ruwa, a mayar da motar. Idan ya tsaya ƙyam bai motsa ba, ko ya daɗe a hanya ko haɗin bai dace da famfo ba. Gwajin bai fi minti biyar ba, kuma kamfanin da ya san kansa da nasa mazurarin yake zuwa.

Yanzu ga wurin da hidimar ke yawan lalacewa, kuma laifin rabawa ake yi tsakanin direba da magina. Kankare ya ɗan yi tauri, masu baza shi suna ƙorafi, sai wani ya ɗaga wa direba hannu, direba ya buɗe tankin ruwan da ke jikin motar ya saki a cikin tulu. Cikin minti biyu C25 da ka biya ya koma kunu. Ƙiyasin da masana suka saba yi shi ne, kowace lita 5 da aka ƙara a kubik ɗaya tana ƙara laushi da kusan santimita 2 da rabi, tana kuma cire kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin. Direban da ya saki lita 120 a motar kubik 8 ya cinye wajen kashi 15. Dalilin a fili yake: siminti yana shan abin da yake buƙata ne kawai, ragowar ruwan zai fita ya bar ƙananan kafofi a jikin kankaren, ta nan ƙarfi ke raguwa, ta nan kuma ruwan sama da iska ke bi su iske rodi. Idan da gaske ana buƙatar ƙarin laushi, akwai maganin sassauta kankare da ake zubawa da awo a juya tulun da ƙarfi na 'yan mintuna, yana sassautawa ba tare da ya taɓa ƙarfi ba. A yi wannan magana da kamfani tun wajen ciniki, a kuma tsayar da mutum ɗaya a gindin mota wanda ba shi da wani aiki sai kallon wannan tankin ruwa. Da zarar an ƙara ruwa da umarnin mutanenka, kamfanin ya wanke hannunsa, kuma yana da gaskiya.

Kafin famfo ya fara turawa ana wanke cikin bututun da ruwan siminti don ya yi santsi. Wannan na farko da ke fitowa a tare shi a baro a zubar a waje. Sau da yawa ana barinsa ya faɗa cikin fila ta farko, ya kwanta a gindinta, daidai inda nauyin gini ke sauka.

Kamfani ba ya zuwa da foka, wato injin da ke girgiza kankare don ya zauna, sai an nema, kuma wasu masu gini suna ɗauka cewa tunda kankaren mota yana da laushi ba ya buƙatarta. Yana buƙata. A tanadi biyu, da mai a janareta, domin ɗaya kan mutu a tsakiyar aiki. Ana soka ta a tsaye, a bar ta daƙiƙa 5 zuwa 15 har kumfar iska ta daina fitowa fuskar ta yi sheƙi, a zare a hankali, a matsa kamar santimita 40 a sake sokawa. Ba a jan kankare da ita daga wuri zuwa wuri, ba a kuma jingina ta da rodi. A fila a zuba hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce rabin mita, kuma kada a sako kankare daga sama da mita ɗaya da rabi, in ba haka ba tsakuwa za ta riga siminti isa ƙasa. Sakamakon sai ranar cire katako ake ganinsa: gindin fila duk ramuka, tsakuwa tsirara, rodi a waje. Birkila zai yi sauri ya shafe da yaɓe kafin mai gida ya iso. Yaɓe ba ya ɗaukar bene. Ramin da ya kai ga rodi sai injiniya ya gani, a sassaƙe har a iske mai kyau, a cike da haɗin gyara na musamman.

Masu baza kankaren su sa takalmin roba da safar hannu. Ɗanyen siminti yana cin fata a hankali, mutum ba ya ji sai ya cire takalmi da yamma.

Matsalar da ta fi yawa daga ɓangaren kamfanonin ita ce tazara tsakanin motoci. Ta farko ta sauke, ta biyu tana can a cunkoso, ko kuma an karkatar da ita wajen babban ɗan kwangila da ya fi ka ciniki. Idan tazarar ta wuce minti 30 zuwa 45 a lokacin zafi, bakin inda aka tsaya ya fara kamawa, an koma ga matsalar da aka gudo daga gare ta. A tambayi mota nawa za su ware wa aikinka, a sa a rubuce, kuma injiniya ya nuna tun farko inda za a iya tsayawa idan dole ta kama. Ba a tsayawa a ko'ina aka ga dama.

Sai rigimar awo, wadda kusan kowane zubi ke ƙarewa da ita: an yi odar kubik 18, ya ƙare saura kusurwa guda. Wani lokaci kamfanin ne ya rage. Amma sau da yawa katakon ne. Idan ƙasan dekin mai murabba'in mita 120 ya lotsa da santimita ɗaya tak, ya sha kubik 1.2. Ga abin da ke maƙalewa a bututu da bakin famfo. Saboda haka a auna katakon da tef bayan kafinta ya gama, ba daga zane ba, a ƙara kashi 5 cikin ɗari, a kuma shirya inda za a zuba ragowa, ko linta ko daɓen bakin ƙofa. Wanda ke zargin ana rage masa, ya nemi takardar sikelin mota a cike da kuma wofi, ya raba bambancin da 2,400.

Game da farashi, kubik ɗin mota kusan kullum ya fi tsada a baki, kuma ana biya gaba ɗaya kafin mota ta tashi, ga kuɗin famfo daban. Amma a yi lissafin adalci. A gefen hannu a sa siminti buhu 6 zuwa 6 da rabi a kowane kubik, da tifar yashi, da tsakuwa, da tankar ruwa, da hayar miksa da mai, da leburori da abincinsu, da abin da ke zubewa a ƙasa, da buhunan da ke ɓacewa tsakanin sito da wurin kwaɓi. Idan aka yi haka tazarar kan ragu sosai. Wanda ya ce maka zai fitar da kubik da buhu huɗu ya kira shi C25, ba rangwame ya yi maka ba, araha ba ta ado. A wajen kamfanonin ma haka: wanda farashinsa ya faɗo ƙasa da na kowa, a tambaye shi kilo nawa na siminti ke cikin kubik, da inda yake samo yashi da tsakuwa. Fasasshen dutse irin na Mpape a Abuja, mai kaifi da tsabta, ba ɗaya yake da tsakuwar da aka kwaso da jar ƙasa a jikinta ba. Ziyarar masana'antar ta awa guda tana nuna abubuwa da yawa: ko tarin yashi da na tsakuwa a rabe suke, ko akwai ɗakin gwaji da kwamin jiƙa samfur, ko injin matsa yana aiki ko ƙura ta rufe shi.

Akwai inda ba mu ba da shawarar kiran mota. Linta, da fila huɗu ko biyar, da matakala, da murfin sokawe, duk abin da bai kai kubik 4 ko 5 ba, kamfani zai caje ka kuɗin motar da ba ta cika ba, kuma ba za ka iya sauke shi cikin lokaci ba. Haka wanda ke nesa da masana'anta fiye da tafiyar awa ɗaya. A nan ƙaramar miksa ta wadatar, in dai za a ƙera akwatin awo na katako daidai cikin buhu ɗaya a daina awo da baro, a auna ruwa da jarka, a bar kowane kwaɓi ya juya minti biyu. A gwada yashin a kwalba: a zuba shi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a bari ya kwanta awa uku. Lakar da ta taru a sama kada ta wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na tsayin yashin. Ruwan kwaɓi kuma ya zama wanda za a iya sha, ba na kududdufi ko kwata ba.

Motoci sun tafi, an goge fuskar dekin, kowa ya gaji. Daga nan ne hunturu ke yin ɓarnarsa. Busasshiyar iska tana zuƙe ruwan saman kankare fiye da yadda yake tasowa daga ciki, cikin awa biyu ko uku sai ka ga tsaga-tsaga sun bazu tun bai gama kamawa ba. Kankaren mota, da yake simintinsa cikakke ne kuma ruwansa a ƙayyade, ya fi ma saurin yin haka. Mutane su ce kamfani ya kawo mara kyau, alhali rashin rufi ne. Da zarar fuskar ta daina ƙyallin ruwa a lulluɓe ta da leda, a danne gefuna. Washegari a kewaye bakin dekin da ɗan shingen yashi da siminti a tara ruwa a kai, ko a shimfiɗa buhunan algarara a riƙa jiƙa su. Fila a naɗe ta da algarara ko leda. Aƙalla kwana 7 ba tare da ya bushe ko sau ɗaya ba, kwana 14 ya fi. Watsa ruwa sau ɗaya da safe a rana mai zafi, ya bushe kafin hantsi, ba ban ruwa ba ne. A biya mutum guda musamman don wannan aiki, a tanadi tankar ruwa tun kafin ranar zubi.

Katakon gefen fila da bim ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Turakun ƙarƙashin dekin kuwa a bar su kwana 14 aƙalla, na bim da wurare masu faɗi kwana 21, baranda ta zama ta ƙarshe. Kada a jibge bulo a tsakiyar sabon dekin a makon farko don kawai ana iya taka shi.

Shaidar abin da aka sayar maka tana cikin samfurin da aka ɗiba ranar zubi. A cika akwatuna shida daga tsakiyar sauke mota, ba daga farko ko ƙarshe ba, a rubuta kwanan wata da lambar motar a jiki, a bar su a inuwa a rufe, washegari a kwance su a nutsa a ruwa. Kamfani zai ɗebi nasa, kai ma ka ɗebi naka ka kai ɗakin gwajin da ba nasa ba. Sassan koyar da injiniyan gine-gine na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano suna da injin matsa. Uku a fasa a kwana 7, uku a kwana 28. Na kwana 7 ya kamata ya kai kusan kashi biyu cikin uku na darajar, wato wajen 16 ko 17 ga C25. Idan ya faɗo ƙasa da haka sosai, a dakatar da ɗora bulo, a bar turaku a wurinsu, a sanar da kamfanin a rubuce. Idan na kwana 28 ma ya gaza, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, zai sa a gwada jikin ginin da gudumar awo, in ta kama a huda a ciro gunduwa a matsa ta, sannan ya yanke ko a ƙarfafa, ko a rage hawa, ko a fasa a sake. Wa zai biya kuɗin wannan duka, a rubuta shi a takardar ciniki tun kafin motar farko ta bar masana'anta.